Sharhi kan Garmin eTrex 32x wajen neman kufai da alamomin tarihi

Mai bin sawun kufai, tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa, ramukan ma'adinai da aka yi watsi da su da duwatsun safiyo da ciyawa ta rufe, abu biyu yake so daga na'urar GPS: ta riƙe sigina a inda waya ke ruɗewa, kuma ta karɓi lambobin wuri a irin tsarin da aka rubuta su tun asali. Garmin eTrex 32x, wadda ta fito a 2019, ta cika na biyun sosai, na farkon kuma daidai gwargwado. Abin da amfani da ita ya nuna mini shi ne, yawancin ɓatan da ake ɗora wa na'ura daga lambobin da aka cusa mata yake tasowa, kuma amfaninta na gaskiya yana cikin saitunan da ke gyara wannan.

Jikinta ƙarami ne, nauyinta kusan giram 142 har da batura. Allonta inci 2.2 ne, mai launi, kuma yana ƙara fitowa sarai idan rana ta haske shi, saɓanin na waya. Batir biyu na AA take ci, kamfanin ya ce suna kai awa 25, amma fitilar allo da kunna GLONASS, tsarin taurarin ɗan'adam na Rasha, tare da GPS suna rage wannan. Tana jure ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. A cikinta akwai ma'ajiyar GB 8, gurbin microSD, kamfas na lantarki da ma'aunin tsayi mai aiki da matsin iska, kuma tana ajiye wurare 2,000. A gaya mata irin batirin da aka sa, alkalin ne ko NiMH ko litiyam, domin in ba haka ba alamar cajin za ta yi ƙarya.

Matsala ta farko ita ce tsarin rubutun lambobi. Iri uku ake yawan gani: digiri da ɗigo, digiri da minti da ɗigo, sai digiri da minti da sakan. Na'urar tana zuwa a kan na tsakiya, alhali yawancin shafukan taswira na intanet da na farko suke aiki. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, minti ɗaya mita 1,852, sakan ɗaya kusan mita 31. Wanda ya ga 12.30 ya shigar da shi a matsayin digiri 12 da minti 30 ya kauce da minti 12, domin 0.30 na digiri minti 18 ne, kuma hakan ya fi kilomita 22 a ƙasa. Gyaran yana cikin Setup, sannan Position Format: a zaɓi tsarin da ya yi daidai da takardar kafin a taɓa lamba ko ɗaya. A kuma ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo. Biyar suna nuna wuri cikin kusan mita ɗaya, huɗu cikin mita 11, uku cikin mita 111. Idan uku kawai aka ba ka, an kai ka yankin ne, sauran aikin na ido ne. Alamar ragi a gaban lamba tana nufin kudu ko yamma, kuma mantawa da ita yana jefa mutum wata nahiyar.

Ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce datum, wato ƙiyasin siffar duniya da masu safiyo suka ɗora taswirarsu a kai. GPS da datum mai suna WGS 84 yake aiki, tsofaffin taswirori kuwa kowace ƙasa da nata. A Greenwich ta Ingila ana ganin wannan ƙiri-ƙiri: wanda ya tsaya a kan layin sifiri na longitud da aka amince da shi a 1884 ba zai ga sifiri a allonsa ba sai ya matsa kusan mita 102 gabas. Taswirorin Birtaniya masu OSGB36 suna bambanta da WGS 84 da kusan mita 100, na Amurka masu NAD27 daga mita goma zuwa ɗari a yawancin jihohi, tsohon datum na Tokyo kuwa kimanin mita 400 ko fiye. Mita ɗari a cikin kurmi ya isa a wuni ana zagaye ba a ga harsashin gini ba.

A nan eTrex ta burge ni, domin jerin datum ɗinta dogo ne, kuma tana karɓar UTM, wato tsarin da ke nuna wuri da mitoci maimakon digiri, da tsarin murabba'an taswira na ƙasashe da dama. Sai dai akwai jerin matakai da ba a tsallakewa. A fara canja Map Datum zuwa wanda aka buga a gefen taswirar, a shigar da lambobin, a ajiye, sannan a mayar da na'urar kan WGS 84. Ita a cikinta da WGS 84 take ajiye komai, abin da take nunawa ne kawai ke sauyawa. Wanda ya shigar da lamba tukuna sannan ya canja datum bai gyara komai ba, wurin yana nan inda aka kuskure shi, lambobin allo ne suka sauya.

Shigar da lambobi da hannu ne ya fi gajiyarwa. Da ƙaramin sandan sarrafawa da ke saman allo ake bin kowace lamba ɗaya bayan ɗaya, kuma danna shi ciki yakan zame ya koma gefe, musamman da safar hannu. In wuraren sun wuce biyar, a shirya su a kwamfuta a fayil na GPX, irin fayil ɗin da na'urorin GPS ke musayar wurare da shi, a haɗa na'urar da kebul, a jefa fayil ɗin cikin jakar GPX da ke ƙarƙashin jakar Garmin. Manhajar BaseCamp ta Garmin tana yin wannan, haka ma shafin Overpass Turbo yana fitar da wuraren da aka yi wa alamar historic, wato na tarihi, a taswirar intanet ta OpenStreetMap kai tsaye a GPX. Mini USB ce kafar kebul ɗin, tsohon yayi, kuma babu Bluetooth, saboda haka ba a tura mata wuri daga waya cikin sauƙi a daji.

Ko an daidaita komai, ingancin tushen lambobin ya rage. Takardun hukumar safiyo ta Amurka, NGS, suna koyar da wannan: alamar da aka rubuta mata adjusted an auna ta da kayan safiyo, wadda aka rubuta mata scaled kuwa daga taswira aka ƙiyasta, kuma kuskurenta na iya kai sakan shida, kusan mita 180. A irin wannan, bayanin da ke rubuce ya fi lambobin amfani, misali a ce alamar tana nisa kaza daga kusurwar gada. Na'urar tana da Project Waypoint, inda ake ba ta kusurwa da nisa daga wani sanannen wuri ta fitar da sabon wuri. A kula da ma'aunin nisa, domin tsofaffin takardu da ƙafa suke magana ko da sarƙar safiyo mai ƙafa 66, wato mita 20.1. A kula kuma da arewar da ake nufi. Allurar kamfas a Landan tana karkace kusan digiri 24 yamma wajen 1820, a 2019 ta dawo daidai da arewa ta gaskiya. Kuskuren digiri goma a nisan mita 200 yana kawar da mutum kusan mita 35. Gara a gyara tsohuwar kusurwar a takarda da karkatar shekarar da aka rubuta ta, a sa na'urar a kan arewa ta gaskiya, sannan a shigar.

Kamfas ɗin yana nuna hanya ko mutum na tsaye, abin da ƙanwarta 22x ba ta yi, kuma saboda shi kaɗai na fi son 32x. Yana buƙatar saiti duk lokacin da aka canja batir. Kusa da layin dogo, tsohon inji ko shingen ƙarfe yana ruɗewa, sai a kashe shi a yi tafiya a bar GPS ya ƙiyasta alƙibla daga motsi.

A fili tana kawo mutum cikin mita uku zuwa biyar. A gindin doguwar katanga, cikin kwazazzabo ko ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa, sigina yana dukan bango kafin ya iso, wurin ya riƙa yawo da mita goma ko ashirin. Zango ɗaya na sigina take karɓa, ba ta da zango na biyu mai suna L5 irin na GPSMAP 65s ta Garmin, wadda ta fi ta natsuwa a irin waɗannan wurare. Da kibiyar da ke nuna hanya ta fara juyawa a mita goma na ƙarshe, a ɗaga kai daga allo a duba ƙasa: layi miƙaƙƙe a cikin ciyawa, tudu mai kusurwa, gutsattsarin bulo, bishiyoyin da suka tsaya a jere. In abin ya ƙi, a ja baya mita 30 a tunkaro daga ɓangarori uku, a nemi inda layukan suka haɗu.

Idan an samu, Waypoint Averaging yana inganta lambobin da za a ajiye. Littafin na'urar ya ba da shawarar awo huɗu zuwa takwas da tazarar aƙalla minti 90, domin taurarin ɗan'adam su sauya matsayi. Babu kyamara, amma in an daidaita agogon kyamara da na na'urar, BaseCamp yana liƙa wa hotuna wurarensu daga sawun tafiyar.

Na'urar ba ta san mai fili ba, ba ta kuma ganin rijiyar da ciyawa ta rufe ko rufin da ya ruɓe. A nemi izini kafin shiga, kada a shiga ramin ma'adinai, kada a taɓa ƙarfe a tsohon fagen yaƙi, domin har yau ana tono bama-baman Yaƙin Duniya na Ɗaya a kewayen Verdun ta Faransa. Tono ko ɗaukar kayan tarihi laifi ne a ƙasashe da yawa, a Amurka dokar 1979 ta hana shi a filayen gwamnatin tarayya sai da izini. Wurin da ke da abin da za a iya sacewa, cikakkun lambobinsa na hukumar kula da kayan tarihi ne. Wanda zai wallafa a intanet ya tsaya a lamba biyu bayan ɗigo, wato kusan kilomita ɗaya.