Sharhi: Bijiman ruwa-biyu da na saya, da yadda suka kaya da Bokolo a zafin Sakkwato

Masu kiwon turke da dama sun tambaye ni ko shanun nan ruwa-biyu da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp sun ci kuɗinsu. Na saya, na turke, na sayar, don haka zan faɗi abin da idona ya gani. A taƙaice dai dabbobi ne masu kyau, amma ba kowane turke ne zai iya da su ba, kuma gonar da ta sayar mini ba ta damu ta san irin nawa turken ba.

Kiwona yana wajen Wamakko, kusa da fadama. Rumfar kwano ce da 'yan bishiyoyin dogon-yaro, ruwa daga rijiya ake ja, yaro ɗaya ke kula da su. Abincinsu harawar wake da ta gyaɗa, kowar wake, dusa, karan dawa da aka daddatse, sai ƙulin auduga idan aljihu ya yarda. Da ma Bokolo nake turkewa, wanda 'yan boko ke kira Sokoto Gudali, ina sayowa a kasuwar Acida ko ta Illela. Bana na haɗa su da 'yan bijimai biyu daga wata gona a wajen jihar, waɗanda aka ce mini uwarsu Bunaji ce, farar saniyar Fulani, ubansu Simmental, wato wani jinsin shanun Siwizalan da ake samo maniyyinsa a yi wa saniya barbarar allura. Kuɗin kowane ɗaya ya kusa sayen Bokolo biyu masu irin shekarunsa.

Gonar ta yi abin a yaba a wasu wurare. Sun kawo su ranar da suka ce, da lafiyarsu, ba rauni a mota, kuma sun haɗo da takardar allurar ciwon huhu da aka yi musu. A kara babu mai ba ka wannan. Kalmar dillali ce kawai takardarka. Watannin hunturu kuwa ba a magana. Daga Disamba zuwa Fabrairu bijiman nan sun ci sun murje, baya ya yi faɗi, cinya ta cika, har maƙwabta na zuwa kallo. Ba abin mamaki ba ne, domin bijimin Simmental a ƙasarsu yakan wuce kilo 1,000, alhali Bokolo mai kyau yana wajen kilo 450 zuwa 500 ne.

Da bazara ta kama aka ga bambanci. Duk wanda ya yi Afrilu da Mayu a Sakkwato ya san ma'aunin zafi yana haura 40, kuma kwanon rumfa ƙara shi yake yi. Tun hantsi sai ka ga ruwa-biyun sun tsaya suna haki, baki buɗe, miyau na dalala, sun juya wa kwami baya. Dabbar da zafi ya dama rage ci take yi, domin narkar da abinci ma zafi yake haifarwa a jiki, kuma sa da ba ya ci ai kuɗinka ne ke zaune a turke. Bokolon da ke gefensu, mai farin gashi gajere da fatar wuya mai reto, kwance yake yana tuƙa kamar ba shi ake yi wa ranar ba. Shanu masu tozo sun fi shanun Turai iya yin gumi, jikinsu ba ya tara zafi haka, kuma kaska ba ta cin galaba a kansu da sauƙi. Dole muka koma ba ruwa-biyun abinci da asuba da bayan magariba, muka shimfiɗa zana a kan kwanon, ana watsa musu ruwa da azahar. Ruwan shansu kaɗai ya sa yaron nan ya fara ƙorafin guga. A nan ne na ce wanda ba shi da burtsatse ya yi tunani tun kafin ya tura kuɗi.

Na buga wa gonar waya a kan hakin. Amsar da na samu ita ce in ƙara musu inuwa in sa fanka. Fanka a Wamakko, da wace wutar? Da na tambaya ko rabi-da-rabi ne jininsu ko kashi 75 cikin 100 na waje ne, sai mai ɗaukar wayar ya ce zai duba, har yau yana dubawa. Wannan ne babban abin da na riƙe su da shi. Tsakanin ɗan farko, wanda rabinsa na gida ne, da jika wanda aka sake barbara uwarsa da jinsin waje, akwai tazara mai yawa wajen jure zafi da cuta, kuma ɗaya daga cikin nawa, mai dogon gashi, ina zargin jika ne, domin shi ya fi jigata. Mai sayar da irin waɗannan dabbobi ya kamata ya fara tambayar mai saye garin da zai kai su, da ruwan da yake da shi, da nisansa da likitan dabbobi. Ni lambar asusun banki kawai aka turo mini.

Da damina ta faɗi sai kaska da kirci, wato ciwon fatar shanu. Bokolo ma yana kamuwa, kada wani ya ce ina yi masa kara, amma wankin magani da allurar da ruwa-biyun suka ci sun ninka nasa. Maganin ciwon hanta kam duka na ba su, tunda ciyawar fadama suke ci.

Akwai kuma maganar kasuwa, wadda masu talla ba sa taɓowa. A nan ba sikeli ake ɗora sa ba, ido ne ke saye. Dillalin da na saba da shi ya zagaya ɗaya daga cikinsu, ya dafa bayansa, ya ce, "Alhaji, wanga sa nama gare shi, amma ina tozo? Mai layya tozo shika biɗa." Sannan ga shekaru. A mazhabar Malikiyya da muke bi, sa ba ya isa layya sai ya cika shekara uku ya shiga ta huɗu. Ruwa-biyu yakan yi girman jiki tun bai kai nan ba, sai mai saye ya buɗe baki ya duba haƙora ya wuce. A ƙarshe mahauta ne suka ɗauka, kuma sun yaba naman, sun ce ya yi taushi. Sun biya fiye da kuɗin Bokolo, ba shakka, amma da na cire kuɗin saye da dusa da magani, ribar da kowane Bokolo ya bar mini ta fi.

Kada a ɗauka duk na gida ɗaya ne. Rahaji, ja mai dogon ƙaho, sa ne na tafiya da daji. Ka ɗaure shi a cikin gida zai wahalar da yaronka, ga tsoro ga faɗa. Bunaji yana da juriya amma bai kai Bokolo sanyin hali a turke ba. Azawak da ke shigowa daga Nijar ta Konni ya saba da fari fiye da kowa, kuma shi nake son gwadawa nan gaba. Wanda ya dage sai jinin waje, Brahman ya fi kusa da mu, domin shi ma mai tozo ne, Amurkawa suka tsara shi daga shanun Indiya saboda wurare masu zafi. Baƙin Angus na Sikotilan kuwa, ban ga abin da zai kawo shi ranar Sakkwato ba.

Idan kana da burtsatse mai sola, da rumfa mai tsayi wadda iska ke ratsawa, da likita a kusa, da otal ko mahaucin da zai saya bisa kilo, ruwa-biyu zai biya ka, in dai ɗan farko ne. Ka sa a rubuta maka jinsin uwa da uba da ranar haihuwa a takarda kafin a loda shi a mota, kuma ka sayo shi da farkon hunturu domin ya saba da wurin kafin Maris. Ni dai da wannan rumfar da wannan rijiyar, kasuwar Acida zan koma.