Yoyon baƙin mai a tsohuwar mota: gam, gasket, ko sauke inji?

Wanda ya sayi mota ta hannu a Zariya, ko 'yar Kwatano ce ko wadda ta riga ta zaga hannun mutum uku, ba ya daɗewa sai ya fara ganin ɗigon baƙin mai a inda ta kwana. Wannan kaɗai bai isa ya hana shi barci ba. Motar da ta shekara 15 ko 20, robobin da ke tsakanin ƙarafan injinta sun sha zafi har sun ƙandare, dole su saki. Inda ake tafka asara shi ne wajen gyaran: a sayi abin da bai dace ba, ko a kwance wurin da lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka kuɗin farko da za ka kashe na wanki ne, ba na kaya ba. Shi baƙin mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, shi ya sa inda yake ɗiga da inda yake fitowa ba safai suke zama wuri ɗaya ba. A wanke injin tas, a kiyaye ruwa kada ya shiga wayoyi da kwayil, ya bushe, sannan ka tuƙa ta kamar daga Samaru zuwa Kwangila ka dawo. A buɗe bonet a haska da tocila tun daga sama. Wurin da ya fi kowane tsawo da aka ga sabon danshi, nan ne tushen. Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta. Baƙi ko ruwan ƙasa na inji ne, ja yawanci na giya mai sarrafa kanta ne ko na sitiyari, ruwa zalla kuma gumin na'urar sanyaya mota ne, ba ciwo ba.

Akwai kuma motar da mai yake raguwa a cikinta alhali kwalin ya kwana fes. Wannan ƙona shi take yi. Camry mai inji 2.4 ta 2007 zuwa 2009 ta yi suna a kan haka saboda ringinta, wato zobban fistin, kuma babu gasket ɗin da zai warkar da ita. Idan bakanike ya ce maka gasket ne, ka ce ya nuna maka inda ya jiƙe.

Zaɓi mafi sauƙi shi ne a bar shi. Danshin da ƙura ta manne a kansa, wanda ba ya ɗiga kuma sandar gwajin mai ba ta nuna raguwa daga sabis zuwa sabis, ana iya zama da shi shekaru. Sharaɗi ɗaya ne: ka riƙa zaro sandar duk mako, da safe, motar tana kan daidai. Amma idan man yana sauka a kan salansa har kana jin ƙauri a cunkoson PZ, ko yana taɓa bel, ko yana cika ramin filogi, lokacin haƙuri ya wuce.

Na biyu shi ne maganin kwalba, wanda ake zubawa cikin mai don ya tsayar da yoyo. Aikinsa shi ne ya tausasa tsohuwar roba ta ɗan kumbura. Yakan rage tsattsafin oyil sil, wato zoben robar da ke tare mai a inda ƙarfe mai juyawa ya fito daga inji, na ɗan lokaci, amma ba ya ɗinke robar da ta tsage, ba ruwansa kuma da gam ɗin da ya saki. Ɗan'uwansa shi ne shawarar da za ka ji a kusan kowane gareji: “Alhaji, a sa mata mai kauri kawai.” A Golf 3 ko tsohuwar 504, 20W-50 ba laifi ba ne. A injin da aka rubuta 5W-20 ko 5W-30 a kan murfin mansa, mai kauri yana jinkirin kaiwa sama da sanyin safiya, musamman da hunturu, yana kuma wahalar da na'urar da ke daidaita buɗewar bawul. Ɗigon ya ragu, ciwon ya koma ciki. Masu shirin sayar da mota sun san wannan dabarar, shi ya sa injin da ya yi fes fiye da shekarunsa a wurin dillali yake bukatar kallo na biyu.

Gam ko gasket?

A nan ne ake yawan gardama, kuma kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Akwai wuraren da kamfani bai sa gasket ba tun asali. Kaskon mai na ƙasan injin Corolla 1.8 ta 2003 zuwa 2008, da na Camry 2.4, da murfin sarƙar taimin ɗinsu, duk da gam aka haɗa su daga masana'anta. A irin waɗannan gam shi ne daidai, wanda kuma ya sayar maka da yankakken kwali wai gasket ne ya cuce ka. Amma ba kowane gam ba. Ana son na inji mai jure mai da zafi, baƙi ko ruwan toka, irin na ThreeBond ko Permatex, ba farin da ake liƙa gilashin taga da shi ba, mai warin tsami. Ana kankare tsohon gaba ɗaya, a goge fuskokin biyu har babu maiƙo, a ja siririn layi kamar milimita 3 ba tare da yankewa ba, a haɗa cikin 'yan mintuna. Sai a jira. Littafin Toyota yana cewa kada a zuba mai kafin awa 2, wasu masu yin gam ɗin kuma suna son kwana guda. Mai sauri da ke tsaye a kan bakanike yana duba agogo domin zai kama hanyar Kaduna kafin la'asar, shi ne zai dawo da yoyonsa bayan mako biyu.

Illar gam tana wurin yawansa. Abin da ka gani ya tofo ta waje, kwatankwacinsa ya tofo ta ciki. Idan ya gutsire ya faɗa kasko, rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta yake zuwa ya toshe, daga nan sai fitilar mai ta fara ƙiftawa, sai ƙarar metal. Yoyon da bai kai cokali ba a rana ya zama sanadin sauke inji.

Inda kamfani ya sa roba kuwa, roba za a mayar. Murfin saman inji shi ne ya fi kowane wuri yoyo, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. Ka sayi saitin da ya haɗa da zobban ramin filogi, domin tare suke tsufa. Gam a nan ɗigo ne kawai a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu. Notinansa kuma ba sa son ƙarfi, awonsu bai wuce niyuton-mita 10 ko kusa da haka ba a yawancin ƙananan motoci. Yaron gareji da ya ɗaure su kamar na taya, ko dai ya murƙushe sabuwar robar ko ya tsinke notin a cikin alminiyom.

Kafin a kai ga manyan wurare, akwai ƙanana da suke ɓata wa mutane suna da aljihu. Washar notin juye mai, wadda ya kamata a canja a kowane sabis amma ake mayar da ita har ta zama faifai. Oyil filta na jabu ko wanda aka ɗora a kan tsohon zoben da ya manne. Ɗan makunnin fitilar mai, wanda idan ya tsage sai ya wanke gefen inji gaba ɗaya. A Corolla da Vibe masu inji 1.8, ɗan zoben abin ɗame sarƙar taimin, can baya ta gefen bel, sananne ne da yoyo, kuma noti biyu ne ke riƙe da shi. A Accord ta 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu, robar VTEC, na'urar da ke daidaita buɗewar bawul a Honda, da ke sama da filta takan jiƙe bayan inji har a zaci babban ciwo ne. Sai bawul ɗin PCV, mai fitar da tururin cikin inji. Idan ya toshe, matsin yana neman hanya ta kowace roba, ka canja wannan yau wancan ya fashe gobe. Araha ne, a duba shi kafin komai. Wanda ke da Camry mai silinda shida, ko Lexus ES350 da RX350 na wajajen 2007 zuwa 2009, ya sa a duba bututun mai na VVT-i, wato na'urar daidaita bawul ta Toyota: na farkon yana da guntun roba a tsakiya da kan fashe ya zubar da mai cikin mintuna, kuma akwai na ƙarfe zalla da aka yi don maye gurbinsa.

Wane iri za a saya?

A shagunan kayan gyara na Sabon Gari za a ajiye maka kashi biyu ko uku na abu guda, kowanne da kuɗinsa. Akwai na kamfanin motar a ledarsa, akwai na kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Victor Reinz da Elring na Jamus, Ajusa na Sifen, Fel-Pro na Amurka, da NOK na Japan a fannin oyil sil. Sai kuma mai araha, wanda sau da yawa shi ma a cikin kwali mai tambarin babban kamfani yake zuwa. Kwali ba shaida ba ne. Ka je da tsohon da aka cire, da lambar jikin motar mai harufa da alƙaluma 17, ka ɗora sabo a kan tsoho ka ga ramukan sun hau. Roba ta gari tana da laushi da tsabtar baki, ba ta da tsumma-tsumman yanka. Ga Golf, Sharon da Vectra na Turai sun fi dacewa, ga Toyota da Honda na kamfani ko na Japan.

Ni ma'aunina ɗaya ne: gwargwadon wahalar isa wurin, gwargwadon ingancin abin da za a sa. Robar murfin sama idan ta ba da kunya, aikin awa guda ne a sake. Oyil sil na bayan kiranshaf kuwa sai an sauke giya kafin a gan shi. Wanda ya biya ladan sauke giya sannan ya tsaya ciniki a kan ɗan zoben, araha ba ta yi masa ado ba. Robar sil ma iri-iri ce: ta yau da kullum tana fara gajiya da zafi ya ɗan haura digiri 100, mai tsadar da ake kira Viton tana jurewa har wajen 200. Da zafin Maris da Afrilu na garin nan da tsayuwa a cunkoso, bambancin yana fitowa. Idan motar mai kulochi ce, a haɗa aikin biyu rana ɗaya. Haka a gaba: 406 da yawancin Golf 3 da bel suke tafiyar da taimin, mai kuma yana cinye bel, don haka sil ɗin gaba da bel tare ake canja su. A 406 idan bel ya tsinke bawul ne ke lanƙwashewa.

Tof gasket, wanda ke tsakanin kan silinda da bulok, shi ne sunan da ake tsoratar da masu mota da shi, alhali ba shi ne ya fi kawo ɗigon mai a ƙasa ba. Alamunsa daban ne: ruwan lagireto yana ɓacewa ba a ga inda ya bi ba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, farin hayaƙi bayan inji ya yi ɗumi, ko mai ya koma launin shayi da madara. Kusan kullum akwai tarihin tafasa a bayansa, fanka ta mutu ko lagireto ya toshe. Idan ba a gyara wannan ba, sabon ma zai bi sahun tsohon.

Idan ya tabbata shi ne, kada a canja jinsi. Injinan zamani masu alminiyom da gasket na siraran faifan ƙarfe suke zuwa, kuma yana son fuska mai santsi ƙwarai. Wasu kanikawa sun fi son mai laushin nan mai kauri domin yana rufe aibin fuskar da ta ɗan karkace, amma ba ya daɗewa a injin da ba don shi aka yi shi ba. A gwada kan silinda da miƙaƙƙen ƙarfe da siririn ma'auni. A injinan Toyota da dama iyakar karkacewar milimita 0.05 ce, abin da ido ba ya gani. In ya wuce, a kai shi a goge a injin goge ƙarfe. Notinan kan da yawa irin masu miƙewa ne idan an ɗaure, ko a auna su ko a sayi sabbi, a kuma ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo. Tambayar da za ka yi wa maigidan gareji kafin ka bar masa makulli ke nan: “Oga, akwai sifanar awo?” In ya yi dariya ya ce hannunsa ya sani, ka gode masa ka nemi wani. Mai Camry 2.4 ta 2002 zuwa 2006 ya ƙara da tambaya ta biyu, domin zaren ramukan notin a jikin bulok ɗinta yakan zame, kuma sai an dasa sabon zare na ƙarfe kafin kowane gasket ya riƙe.

Saura sauke inji a sa na Beljiyom, daga Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Don yoyo kaɗai wannan ɓarnar kuɗi ce. Yana da hujja ne idan abubuwa sun taru: yana hayaƙi, yana ƙara, ya sha tafasa, bulok ya tsage. Shi ma wanda za a kawo ɗin tsoho ne, robobinsa sa'annin naka ne. Tun yana ƙasa kafin a ɗora shi, a canja masa sil na gaba da na baya da robar murfi, a buɗe kasko a duba rariya, domin a lokacin ladan aikin bai taka kara ya karya ba. Ka karɓi rasiɗi mai lambar injin, ku kuma yi magana a fili da mai shagon a kan kwanakin da za ka iya mayar da shi idan ya ƙi.

Kowanne ka zaɓa, a ba ka tsofaffin kayan da aka cire a leda, a sake wanke wurin bayan an gama, ka kuma mayar da kwalin nan ƙarƙashinta na mako guda kafin ka cika wa bakanike ragowar kuɗinsa.