Zaɓen Manhajar Rubuta Matsakaicin Farashi: Wacce Ta Fi Sauƙin Gano Kuskure?

A Yamai masu cinikin kuɗaɗen waje ta intanet sun dogara ƙwarai da layin matsakaicin farashi mai tafiya, wato SMA (wanda ke ba kowane farashi nauyi ɗaya) da EMA (wanda ke ƙara wa farashin baya-bayan nan nauyi). Kafin mutum ya fitar da sefarsa, abin da ya kamata ya auna a manhajar da zai rubuta layin da ita shi ne sauƙin gano kuskure idan layin ya bauɗe.

TradingView, mai amfani da yaren Pine Script, ta fi sauƙin farawa, domin kana rubutawa kana ganin layin a kan zane nan take. Tarkonta shi ne kyandir (sandar da ke nuna motsin farashi na wani tsawon lokaci a kan zane) da bai rufe ba: idan lissafinka ya ɗauki farashin da ke motsi, alamar saye za ta fito sannan ta ɓace. Maganinsa shi ne a jira kyandir ya rufe, ko a ɗauki wanda ya gabace shi. Sai dai komai nata yana kan intanet, ga shi a watannin zafi ɗaukewar wuta takan tafi da layin sadarwa.

MetaTrader 5 kyauta ce, kuma MetaEditor ɗinta, wato wurin rubuta shirinta, yana bari ka tsayar da shirin layi bayan layi ka duba kowace lamba. A nan aka fi tuntuɓe wajen jerin kyandirori, domin a MQL4, yaren MetaTrader 4, lamba 0 ita ce sabon kyandir, amma a MQL5, yaren MetaTrader 5, sai ka juya jerin da umarnin ArraySetAsSeries. Na taɓa kwana biyu ina bin wani layi da ke gudu baya, ashe wannan umarni ɗaya ne na manta. A kuma lura cewa agogon dillali ba lallai ne ya yi daidai da na Nijar, wato GMT+1 ba, saboda haka kyandir ɗin yini yana iya rufewa a wani lokaci dabam.

Yaren Python da kayan aikinsa na lissafin bayanai, pandas, sun fi dacewa da tantancewa, muddin an sa adjust=False a ewm, umarnin da ke lissafa EMA. A nan za ka ga cewa EMA ta kyandirori 20 tana ninkawa da 2/21, alhali hanyar da masanin kasuwa J. Welles Wilder ya fitar a 1978 tana ninkawa da 1/20, kuma rikita su kan raba layuka biyu da aka zaci ɗaya ne.

A ganina, mai farawa ya ɗauki MetaTrader 5 da asusun gwaji, kuma kada ya sayi wata alamar da mai ita ya ƙi nuna lissafin da ke cikinta.