Hayar keke zuwa Tiga da kwana, abinda muka gani ni da su kanina

Akwai wani bawan Allah a nan cikin Kano da yake bada hayar kekuna, kuma lokacin hutun makaranta yana hada ma yan sakandare tafiya zuwa dam din Tiga, a tashi bayan la'asar a taka har dare, a kwana a can a dawo washegari. Tunda na sa hotuna a status mutane ke ta tambayata wai ya abin yake, ko zasu iya barin yaransu, to gashi na rubuta gaba daya kowa ya karanta ya yanke ma kansa. Kanina ne da abokansa yan SS3 suka yi karo-karo a hutun Disamba, Baba yace ba inda za shi sai da babba, shine aka lika min.

Kudin kowa N15,000 ne, ya hada da keke, abincin dare, karin kumallo, wajen kwana da motar rakiya. Sannan akwai N5,000 na ajiya da za a mayar maka in ka dawo da keke lafiya.

Kekunan dai gaskiya ba laifi ko kadan, nan kam na yaba masa. Yawanci yan kwatano ne masu giya, tsofaffi amma an kula dasu, kaca ta sha mai, birki na ci gaba da baya, kuma kafin a tashi sai da aka daidaita ma kowa sirdi daidai tsawonsa wanda ni ban taba ganin mai hayar keke ya damu da wannan ba. Akwai Phoenix guda biyu irin na iyayenmu, yaran suka ki su wai na tsofaffi ne, ni na dau daya kuma wallahi har muka isa bai ce min komai ba, nauyi ne kawai dashi in an zo hawa.

Amma wanda ya ci kudinsa da halak shine dattijon makanikin da ke bin tawagar. Mun wuce gadar Tamburawa kadan tayar wani yaro ta sace, kafin mu gama taruwa dattijon ya kifar da keken, ya zare tiyub da bakin cokula biyu, ya hura ya kanga a kuncinsa yana juyawa har ya ji inda iskar ke fita, ya goge wajen da yar takardar yashi ya shafa gam ya tsaya yana hura masa baki, ya manna faci ya danne da gindin sifana. Sannan ya zura yatsa yana shafa cikin tayar a hankali sai gashi ya zaro yar waya siririya, yace "yaro ka ga abinda ya ci ka, in ba a cire wannan ba faci goma ma aikin banza ne". Duk abin bai kai minti goma ba. Yaran tun daga nan suka koma kiransa Baba injiniya.

Magariba ta same mu a Kura, muka yi sallah, aka sayi rake da gurasa aka dan huta. Har zuwa nan tafiya ce mai dadi sosai, gefen titi duk gonakin rani ne kore shar a tsakiyar hunturu, kuma abin sha'awar shine ruwan da ke bin kwatocin nan daga inda zamu din yake fitowa, Tiga ce ke shayar da noman rani na Kura da Kadawa da kewaye. Wani cikin yaran yace shi duk shinkafar Kura da suke ci a gida bai taba tunanin daga ina ruwanta yake ba.

To daga Kura ne matsalar ta fara, kuma ita ce dalilin da yasa nake wannan dogon rubutun. Kano zuwa Tiga kusan kilomita 70 ne, kenan wajen rabin tafiyar a cikin duhu za a yi ta, a kan titin Kano zuwa Zariya, titin da tirela da tanka da yan Sharon basa daga kafa. Fitilun da aka daura mana irin yan karamin tocilan din nan ne na caji, kafin mu kai Kadawa rabinsu sun dushe, na baya kuwa babu ja ko daya, rigar nan mai kyalli guda hudu ce kacal aka raba ma na gaba da na karshe. Ga hazo ya sauko. In tirela ta wuce ka iskarta kadai sai ta nemi ture ka cikin kwalbati, kuma wajen Kwanar Gafan inda kasuwar tumatir take motoci na tsayawa barkatai a gefen titi, dole ka fito tsakiya ka kewaye su. Direban motar rakiyar ya yi kokari, ya kunna hazad yana binmu a baya a hankali, amma mota daya bata isa rufe yara sun fi goma ba musamman da suka fara rarrabuwa, masu karfi sun yi gaba masu haki sun rage a baya.

Na samu mai kekunan nace Oga wannan fa ba tsari bane, yace "haba Yaya ai mun saba, ba abinda zai faru insha Allahu". Nace ni dai amanar yayan mutane aka bani. Sai da Baba makaniki ya sa baki sannan aka yarda aka loda kananan da kekunansu a mota, sauran muka jeru layi daya ba mai wuce wani har muka bar babban titi. Da muka sauka kan hanyar Tiga kuwa abin sai ya canza, motoci kadan, shiru, ga farin wata, yaran suka dawo da surutunsu da wakokin makaranta, a nan ne na gane abinda mutumin yake sayarwa, kuma da a ce daga nan ake fara tafiyar daren da ba wanda zai yi korafi.

Abincin dare shinkafa da wake ne da mai da yaji da soyayyen kifin dam din, da zafinsa, kuma an koshi har da kari. Kifin kam ba a magana, karfasa ce sabuwa.

Wajen kwana kuma sai a hankali. A talla yace "masauki", muka tarar da daki daya babba da tabarmi da katifu uku, bargo babu. Wanda bai san sanyin bakin ruwa a Disamba ba ba zai gane ba, wajen karfe uku na dare yaran duk sun dunkule waje guda kamar yan tsaki, wasu suka fito aka hada wuta da kara aka zauna har asuba. Su a wajensu wannan ne ma ya fi dadi, har yanzu labarin da suke bayarwa kenan a group dinsu, amma dai da an fada mana tun a gida da kowa ya kullo bargonsa da rigar sanyi, ba wani abu bane mai wuya. Bandaki daya ne kuma ruwan alwala sai ka daure.

Da safe bayan shayi da burodi da kwai aka kai mu kan dam din. Wanda bai taba zuwa ba zai yi mamakin girmansa, bangon kasa ne da duwatsu mai tsawon wajen kilomita 6, an gina shi daga 1971 zuwa 1974 zamanin gwamna Audu Bako, ruwa iya ganinka, masunta a cikin kananan kwale-kwale suna janyo raga. Nan ma na yaba ma Oga abu daya, ya kafa doka ba wanka ba shiga kwale-kwale, yara suka yi ta magiya yaki, har wani ya fara cire riga ya daka masa tsawa yace ya mayar. Yayi daidai, yawancinsu ko a kududdufi basu iya iyo ba. Sai dai ba wani mai yin bayani, duk abinda yaran suka sani game da wajen daga bakin wani tsohon masunci suka ji da muka tsaya sayen kifi, ya kamata a ce cikin kudin nan akwai wanda zai zagaya dasu.

Masu tambaya ko zan bari kanina ya sake zuwa, eh zan bari amma da sharadi, a tashi da sassafe a yi babban titi da rana, ko a kai su da mota har inda hanya ta rabu sannan su hau keke, kuma kowa da fitilar baya da riga mai kyalli, in bai yarda ba a nemi wani. Iyaye ku tambayi wadannan kafin ku tura kudi, kuma kar ku yarda da "mun saba". Ku tambaya ko akwai akwatin magani ma, namu auduga ce da aidin kawai a leda.

Dawowa a mota aka kwaso yawanci don cinyoyi sun kama, mu kadan ne muka tako, da rana titin ba wata fargaba sai kura da kishirwa. Kudin ajiya ya mayar ma kowa a take ba ja-in-ja, sai yaro daya da ya karya feda aka cire masa N2,000 kuma an nuna masa fedar a gabansa.