Lakcar farfesa ko zaman tsofaffin unguwa, ina za ka ji tarihin Kano?

In kana son sanin tarihin garin nan hanya biyu ce a gabanka, ko ka je lakca irin wadda ake gayyato malaman jami'a su yi a Mambayya House, gidan marigayi Malam Aminu Kano, ko ka samu dattijo a cikin birni ka zauna.

Shi farfesa abin da zai ba ka shine tsari. Zai ce Bagauda ya hau sarauta shekarar 999, Gijimasu ya fara ganuwa, Wangarawa sun zo zamanin Yaji, Rumfa ya yi mulki 1463 zuwa 1499 ya kafa kasuwar Kurmi, Turawa sun shigo 1903, kuma in ka ce malam ina ka samo wannan zai faɗa ma. Matsalar dai lokaci gajere ne, wani sa'in ma rabin maganar da turanci ake yi sai 'yan baya su yi ta kallo.

Amma tsohon Madabo ko Sharifai wallahi daban ne, zai gaya ma waye ya zauna a wannan lungun, me ya sa ake kiran unguwar haka, gidan wa ya gaji rini a Kofar Mata, har kirarin zai yi ma. Shekara kam yana iya haɗa sarki biyu wuri ɗaya, kuma kowa gidansu yake ɗagawa.

Ni dai in ɗaya zan zaɓa yanzu tsohon zan fara, don farfesa ya rubuta nasa, shi kuwa baba in ya tafi shikenan. Ka je da waya, ka nemi izini ka yi rikodin.