Sharhi kan haɗa suwic-suwic na Catalyst 2960-X su zama ɗaya

A ofishinmu suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta waya) uku ne na Cisco Catalyst 2960-X, kowanne da adireshinsa da saitinsa, har muka haɗa su da FlexStack-Plus, tsarin Cisco na haɗa suwic-suwic su yi aiki kamar ɗaya. Yanzu adireshi ɗaya nake shiga in ga dukkansu. Tsarin yana ɗaukar har suwic 8, da gudun 80 Gbps a tsakaninsu. Amma mai saye ya sani, sashen haɗin da ake cusawa a bayan suwic daban ake sayensa, kuma wayar da ke zuwa da shi rabin mita ce.

Rabin mitar nan ita ce inda ake samun matsala. Na sama a haɗa shi da na tsakiya, na tsakiya da na ƙasa, sannan na ƙasa ya koma wa na sama don zoben ya rufe. Wayar ƙarshen nan tana iya gaza kaiwa, sai an nemi mai mita 1 ko 3. In ba a rufe ba aiki zai tafi, sai dai gudun ya ragu rabi, kuma waya ɗaya ta saki, jerin ya rabe biyu.

Fitilun ne suka fi burge ni. Fitilar SYST in kore ce lafiya lau, ruwan ɗorawa kuwa wuta na shiga amma na'urar ba ta aiki daidai. MAST tana kore a jikin jagora kaɗai, wato suwic ɗin da ke tafiyar da sauran; a jikin saura a kashe take. Abin da mutane da yawa ba sa taɓawa shi ne maɓallin Mode. Ka danna har STACK ta kama, sai fitilun ramukan waya su koma nuna lamba: a suwic na 2, fitilar rami na 2 tana ƙyaftawa, na 1 da na 3 suna kore a tsaye. Daga bakin akwatin ka san wane ne wane, ba sai ka ɗauko kwamfuta ba. Ramin da aka soka sabuwar waya ya kan yi ruwan ɗorawa kusan daƙiƙa 30 kafin ya koma kore. Wannan ba lalacewa ba ce, kada a yi ta zare waya.

Inda ake yawan ɗauke wuta irin namu, a ba wanda ake so ya jagoranta lambar fifiko ta 15, wato mafi girma wajen zaɓen jagora, domin kowannensu da lamba 1 yake zuwa. Sabon suwic kuma a kashe shi kafin a haɗa, in ba haka ba za a sake zaɓen jagora, wasu su sake tashi ana tsakar aiki.

Cisco ta daina sayar da wannan samfurin a 2022. Mai sayen na hannu ya tabbatar LAN Base ne, wato nau'in da ke yarda a haɗa shi da wasu, kuma manhajarsa ta yi daidai da ta sauran.