Alƙahira ko Istanbul: wanne Bamaraɗe zai fara gani?

Ɗan Maraɗi da ya tara kuɗin fita buɗe ido, sau da yawa garuruwa biyu ke yi masa yawo a rai: Alƙahira da Istanbul.

Ni dai Alƙahira ta fi kwanta mini. Babbar dalar Giza, da ke gefen birnin, ta haura shekara 4,500 a tsaye, tsayinta na asali ya kai mita 146, kuma wasu tubalanta na ƙasa sun kai mutum ƙirji. Ka baro nan ka shiga masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970, ka tarar da ɗalibai zaune a farfajiyar marmara suna haddar karatu, cikinsu har da 'yan ƙasarmu. Wanda ya taɓa zama gaban malam da allo, zuciyarsa sai ta motsa. Zafin garin ba baƙo ba ne gare mu, kuma ɗan Larabcin makaranta yana fid da kai kunya. Sai dai masu raƙuman haya a Giza akwai naci, a gama ciniki kafin a hau.

Istanbul kuwa garin ruwa ce. Da ƙaramin jirgi za ka tsallake mashigin Bosforus daga Turai zuwa Asiya cikin 'yan mintoci. Aya Sofiya, da aka kammala a 537, coci ce tun farko, ta zama masallaci a 1453, gidan tarihi daga baya, aka koma sallah cikinta a 2020. Ɗan kasuwa mai neman tufafi da dardumomi Istanbul ta fi dacewa da shi, amma hunturunta ya wuce sanyin da muka sani a watan Janairu nesa ba kusa ba, kuma masauki ya fi tsada.